Zaren Likkafanin Kaka

A ƙauyenmu, kusa da Tabotaki, tatsuniyar kakata Hajo ba kyauta ba ce. Duk yarinyar da ke son ji sai ta zo da mazarinta. Bayan isha'i ake hura wutar kara a tsakar gida, Kaka ta raba auduga, 'yan mata su yi ta kaɗi tana zuba labari. Ranar kasuwa a kai zaren wurin Baba Illo masaƙi. Da wannan yake ci da iyalinsa, da shi 'yan matan ke tara kayan ɗaki.

A kowane dare Kaka kan ware ɗan zare ta jefa cikin wata tukunya. Na likkafaninta ne. Idonta ya yi rauni, ba ta iya kaɗi da kanta. Takan ce, "Ni ba a rufe ni da ƙyallen kanti. Abin da hannun ɗiyan garinga yak kaɗa, shi nika so in tahi da shi."

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta rijiya mai son hira. "Ta zaka, ku kama ta kar ta wuce," haka take farawa. Wai rijiyar ba ta ba da ruwa sai mata sun zauna bakinta suna taɗi. Wata damina tafki ya cika a bayan gari, kowa ya koma can, ɗiba kawai a wuce. Da rani ya yi suka dawo da tulunansu, suka tarar ta rufe bakinta. Mu kuwa dariya muke yi, wa ya taɓa ganin rijiya da fushi?

Sai gwamnati ta kawo tele, wato talabijin, mai aiki da hasken rana, aka girka ta ƙofar gidan maigari. Ana nuna kokawa da makaɗa. Ban ga laifin kowa ba, abin kallo ne. Amma ba a kaɗi a gaban tele, ido ba ya rabuwa biyu. Masu tuyar ƙosai da mai shayi suka samu kasuwa a wurin, gidanmu ya yi tsit. Kaka ta ci gaba da hura wutarta, tana tambayata, "Sun taho?"

Zare ya yanke wa Baba Illo. Kafin ya tafi Abijan neman abin yi, Kaka ta aika masa da na tukunyarta. Ya auna, ya ce ko rabi bai kai ba.

Da ta rasu, alawayyo, farin yadin kanti, kawuna ya sayo a kasuwar Buza aka rufe ta da shi.

Yau ina sayar da atamfa a Madawa, duk daga waje take zuwa. Na daɗe ina zaton hira ce kawai muka rasa. Ashe sana'ar gari guda ke zaune a bakin wutar nan, ba mu sani ba. Har yanzu idan aka zo shagona sayen farin yadi na mamaci, sai na tuna da tukunyar Kaka kafin in yanka.