Sawun Tayar Zomo

Zomo muke ce masa a garejin bataliya, saboda tsoronsa. Ƙaton mutum ne, direban babbar mota, amma in taya ta fashe a nesa sai ka same shi a bayan durom. Allura ma sai mutum biyu sun riƙe shi. In muka tsokane shi sai ya ce, "Ku bar ni, matsoraci shi ke kai labari gida." Ni na fi kowa tsokanarsa, don tare muka koyi tuƙi, kwanonmu ɗaya.

Da yaƙi ya yi zafi, abokan gaba suka kama wasu sojojinmu a bakin gada, har da ƙaninsa, autan gidansu. Da muka je gaya wa mahaifiyarsu, mun tarar tana wanki. Ba ta yi kuka ba. Ta ci gaba da matse rigar da ta riga ta matse, ta dubi Zomo ta ce, "Kai ne babba." Daga ranar abinci ya daina shigarsa.

An daɗe ana nema. Jirgi ya yi ta shawagi, an yi ta tambayar masu gudun hijira, in an je wuri sai a tarar an tashi, sai toka da guntayen igiya. Daga baya wani da ya tsere ya ce suna wani tsohon gidan buga bulo a bayan daji. Aka nemi direbobi biyu da motoci babu kaya, don a kwaso su. Hanyar kuwa an binne nakiyoyi a cikinta. Zomo ya ɗaga hannu, hannun na rawa.

Saje ya ce, "Kai? Ko dai ƙuda kake kora?"

Ya ce, "Ƙanina na can, Saje."

Sai na ɗaga nawa.

Ƙa'idar irin wannan hanya ɗaya ce. Motar masu gano nakiya tana gaba, kai kuma ka ɗora tayarka daidai kan sawun wanda ke gabanka, ba ka kauce ko kaɗan. Haka muka tafi, wuya a sage, ko tari ba ka so ka yi.

Mun same su. Masu gadi sun gudu da suka ji motoci. Mutanen namu sun rame, wasu ba sa iya miƙewa. Zomo ya goya autan kamar jariri, shi kuwa yana cewa, "Yaya, kai ne? Duk tsoron nan naka?"

Zomo ya ce, "Rufe mini baki, har yanzu tsoron bai sake ni ba."

Muna cikin lodin mutane ruwa ya kece. Kafin ya ɗauke ya shafe sawun da muka zo a kai, motar masu gano nakiya kuma ta kafe a laka har ciki. Ga harbi yana matsowa ta bayan daji. Kyaftin ya ce ba za a jira ba, dole wata mota ta shiga gaba.

Zomo ya ce, "A kwashe kowa a mayar motar abokina. Tawa ta tafi wayam."

Ya ɗora ƙaninsa a motata da hannunsa, sannan ya zo tagata. Leɓensa ya yi fari. Ya ce, "Aboki, inda na taka, ka taka. Kar ka kalli komai sai sawuna." Ya juya, ya dawo. "Wallahi tsoro nake ji."

Na ce, "Ni ma."

Na bi shi. Layi biyu a cikin laka, su kaɗai nake gani a duniya, mutane cunkushe a bayana suna salati. Har mun hango kwalta, har na fara cewa mun tsira, sai ƙasa ta tashi da motarsa. Na taka birki. Ban san ina ihu ba sai da Saje ya riƙe kaina.

Ɗan abin da ya rage na hanyar, sojoji suka sauka suka bi shi da ƙafa, suna tsokalar ƙasa da ƙarfe, har muka hau titi. Duk wanda ke motata ya iso gida.

Ni na kai autan wurin mahaifiyarsu. Ta rungume shi, ta shafa fuskarsa, sannan ta ɗaga kai tana kallon ƙofa ta bayana. Na daɗe a tsaye ban matsa ba, don in na matsa za ta ga babu kowa.

Allah Ya jiƙanka, Zomo.