Jitar Mala da Gurmin Usaini

Mala gyaran famfon ban-ruwa yake yi a Haɗeja, yana kuma da gonar shinkafa a fadama ta hanyar Guri. Tsohuwar jita gare shi, tsirkiya biyar, ta shidan ta tsinke tun kafin ya saye ta. Shinkafa na fara nuna sai ya hau rumfar tsaro da ita, ya ɗaura igiyar gwangwanayen korar tsuntsaye jan-baki a babban yatsan ƙafa, hannuwansa su huta su yi kiɗa.

A ƙetaren ruwa, bayan ciyawar kacala da ta fi mutum tsawo, akwai rumfar Usaini mai gurmi. Ba sa ganin juna. Mala ya kaɗa wani abu, Usaini ya amsa da wani dabam, gwangwanaye su faɗo a tsakani duk sanda tsuntsaye suka sauka. Shekara goma sha ɗaya suna haka. Ni da na koyi karanta waƙa a takarda a makarantar mishan, na yi ta neman inda kiɗan yake komawa farko, ban samu ba. Na tambayi Mala sunan kiɗan.

"Malam, ai ba ya kwana balle a raɗa masa suna."

Bara Usaini ya ce bayan girbi zai koma wurin 'yarsa Zulfa a Jahun, gwiwoyinsa sun gaji da taɓo. Mala ya zo gidana, ya ce yana so a naɗi kiɗan ko sau ɗaya kafin tafiyar. Ni na yi kuskuren. Na kai su wani situdiyo a bayan kasuwa, ɗaki mai katifa a bango, aka ajiye musu kujeru suna fuskantar juna.

"Bismilla, Yaya Usaini," in ji Mala.

"A'a, kai ke da kayan Turawa, fara."

"Ina ni ina shiga gaban babba?"

Minti ashirin da biyu a agogona suna wannan. Da suka fara, kowa na kallon yatsun ɗan'uwansa yana ba shi hanya, kiɗan ya fito salalam kamar kunun da ya sha ruwa. Usaini ya ajiye gurmi.

"Ashe haka fuskarka take in kana kiɗa? Gara kacala."

A hanyar gida na tambayi Mala wa ke farawa a gona. Ya yi tunani, ya ce ba kowa, tsuntsu ne. Saura kwana huɗu a yanke shinkafa.

Da hantsin Laraba na ari kwalekwale, na tura shi cikin kacala daidai tsakiyar rumfunan, na ɗaga waya sama tana naɗa. Na daɗe ba na jin komai sai kwaɗi. Can garken jan-baki ya sauko, gwangwanaye suka ɗauka, jita ta shiga ta dama, gurmi ya tare ta ta hagu. Minti arba'in da ɗaya, har da tarina sau biyu.

Usaini ya tafi ranar Lahadi. Bana na iske Mala a rumfarsa, waya a gefe tana kunna kiɗan da na naɗa, jitar na kwance a cinyarsa. Na ce me ya hana shi bin kiɗan da jitar.

"Na gwada, Malam. Wannan Usainin ba ya jin abin da nake ce masa. Saurarensa kawai nake yi."

Sai ya ja igiya da ƙafa, ya ƙara wa wayar murya.