Injin Markaɗe da Shayin Buzu

A da, idan baƙo daga Nijar ya hango ɗan sanda a Keffi, nan take yake tuna yana da uzuri a wani lungun. Yanzu har gaisawa suke yi. Ban taɓa ganin laifin baƙin ba. Na yi zaman baƙunci a Kumasi da Jidda, na san yadda ake tsallaka titi da sauri ba tare da an ce mutum ya yi gudu ba.

Maƙwabciyata 'yar ƙabilar Mada ce, mijinta ya rasu, da injin markaɗe take ciyar da 'ya'yanta. Wata rana aka wayi gari babu injin. Buzun da ke gadin shagunan layinmu ya ga wanda ya ɗauka, amma ya ƙi zuwa caji ofis. Ƙanensa ya taɓa kai ƙarar sata, aka tambaye shi takardar zama, ƙarshenta aka mayar da shi ƙasarsu.

Da matar ta kai ƙara, sai wani Sajan ya zo wurin Buzun da kansa bayan la'asar. Ni aka kira tafinta, saboda na iya Buzanci tun zamana a Agadas.

Buzu ya hura gawayi ya ɗora butar shayi. Sajan ya shanye kofin farko ya soma tambaya. Na taka masa ƙafa.

"Yallaɓai, a wurinsu ba a ɗauko babbar magana sai an sha na uku."

"Baba, na ukun yaushe ne?"

"Sai yadda gawayi ya ga dama."

Muna shan na biyu Buzu ya ce da ni, "Dattijo, tambaye shi yaushe zai nemi takardata, in san abin da nake ciki."

Sajan ya ce, "Gaya masa an hana mu wannan. Aikin 'yan shige da fice ne, albashinsu ma daban. Ni inji nake nema."

Na fassara duka, har da zancen albashin.

Da aka zuba na uku, Buzu ya gyara rawaninsa, ya kwatanta shagon wani mai walda a hanyar Akwanga. A can aka sami injin, an riga an yi masa shuɗin fenti. Matar ta duba, ta ce fentin ya fi na da kyau, ta koma markaɗa tattasai.

Tun daga lokacin Buzayen layinmu da ƙafarsu suke zuwa caji ofis kai ƙara, ko rakiyata ba sa nema.