Furen Yumɓun Yaya Kabira

Shekara ashirin da shida muna ƙofa da ƙofa da Yaya Kabira a unguwar Hindawiyya, nan Makka. Ranar da maigidana Malam ya rasu ita ta fara shigo mini, ta zauna gefena har la'asar. Sana'arta haɗa turaren wuta, kuma ba ta taɓa sayar da haɗin da ba ta gwada ba. Sai ta zuba a kasko, ta sunkuya cikin hayaƙin, ta lumshe ido, sannan ta ce a ƙara hawi ko a rage sandal.

Hayaƙin nan ne ya ci mata ƙirji. Bara likita ya ce mata ko ta rabu da garwashi ko numfashi ya rabu da ita. Ta dawo ta kife kaskonta. Wata biyu gidan ba ƙamshi, ta rame, ta daina tsokanar kowa.

'Yarta Wafa tana aiki a wani otal a unguwar Jarwal. Cikin azumi ta yi ɗawainiya da wata dattijuwa 'yar Japan da ta zo Umara da ciwon gwiwa. Da matar za ta koma, ta ba ta wani ɗan kwanon tangaran shuɗi, a tsakiyarsa farin fure na yumɓu. Wafa ta ajiye wa uwarta, ta ce na ƙamshi ne, ta fita aiki a gurguje.

To mu a wurinmu ƙamshi da wuta yake tafiya. Yaya Kabira ta ƙwanƙwasa mini ƙofa.

"Shifa, ɗauko mini garwashi ɗaya tak. Ke za ki shaƙa, ni daga nesa zan tsaya."

Ni ma da wautata na kawo. Ɗora shi ke da wuya muka ji ƙas, furen ya rabe biyu.

Da Wafa ta dawo ta dafe kai. "Ya Ummi! Wa ya ce miki kasko ne? Man turare ake ɗiga masa, ɗigo uku, halas, shi ke nan!"

"Kin faɗa? Kin ajiye kin ruga kamar za a rufe miki Harami."

Wafa ta juyo kaina, ni da take kira Hala, wato Inna. "Hala Shifa, har da ke?"

Na rasa inda zan sa fuskata.

Sannan Wafa ta ba mu labarin. Ƙanen matar ne ya gina shi da hannunsa. Furen na wata bishiya ce ta ƙasarsu, mai buɗewa cikin tsananin sanyi tun sauran itatuwa ba su farka ba, shi ya sa suke ɗaukarsa alamar juriya. Wafa ta taɓa gaya wa matar ciwon uwarta, sai matar ta ce a kai wa mara lafiyar.

Yaya Kabira ta ƙura wa furen ido. Na zaci kuka za ta yi. Sai ta ɗauki ɓarin furen ta duba cikinsa, ta kankara da farce, ta ɗan taɓa shi da harshe. Ya kama harshen.

"Ai wannan ƙasar randa ce," in ji ta. "Sha take, ta riƙa saki a hankali. Da bai fashe ba ina zan gani?"

Ashe mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, ita ma ta taɓa yumɓu tana yarinya. Ta ɗiga man sandal a ɓarin, ta kai hanci, ta ja numfashi mai tsawo. Muka zuba mata ido. Ba ta yi tari ba.

Sati bai zagayo ba ta sa Nasir, mijin Wafa, ya samo mata yumɓu wurin masu tukwane a bayan gari, can kuma yake kai mata abin da ta gina a gasa. Furannin farko sun fito kamar ƙosai, ita da kanta ta faɗa. Ba ta fasa ba. Ta mayar da haɗinta na mai, tana gwadawa a kan yumɓu, kuma duk amaryar da ta saya sai ta haɗa mata da fure ɗaya ta gaya mata ma'anarsa. Na Japan ɗin ta liƙe shi, yana kan kantar ɗakinta, tsagar tana nan a fili.

Juma'ar da ta wuce, da hantsi, ƙamshi ya iso ni har ɗaki. Na leƙa na same ta sunkuye kan fure, ido a lumshe.

"Shifa, miƙo mini kwalbar can," ta ce. "Sandal ɗin ya yi kaɗan."