Ɗakin Inna da Kududdufin da Aka Sayar

Ranar wata Asabar ce cikin rani, shekarar da na shiga aji uku na firamare, Baba ya kira gayyar haƙar ƙasa don a gina wa Inna ɗaki. Ana sallame sallar asuba maza suka gangara kududdufin bayan gidanmu a Jega da diga da shebur, mu yara muna biye da su kamar awaki. Kududdufin nan ƙaton rami ne da unguwarmu kaf ta fito daga cikinsa, don babu katanga ko zaure ko rumbun da ba da jar ƙasarsa aka yi ba. Manya na haƙa, jakuna na kwasa a mangala, mu kuma namu aikin cuɗa ne. A zuba ruwa, a watsa yankakkiyar ciyawa, mu naɗe wando mu shiga muna tattakawa har laka ta kai mana gwiwa. Wanda santsi ya kayar ya zama abin tsokana har yamma, ni kuwa na fi kowa shan ƙasa a ranar. Da hantsi mata suka aiko da kunu, da azahar aka kawo tuwon dawa da miyar kuka a manyan akusa. Ladan aikin ke nan, sai goron da Baba ya raba.

Da tubalan da muka mulmula suka bushe, sai Kawu Bawa magini, ƙanin Inna, ya hau aiki. Yana zaune bisa katanga kamar mai hawan jaki, ana jefa masa tubali daga ƙasa yana cafewa ba tare da ya duba ba. Aka jera azara, aka rufe, aka sa indararo. Mata suka taru suka yi daɓe da ruwan makuba suna waƙa, ƙasan ɗakin ya fito sumul yana sheƙi. Inna ta jera kwanoninta ta zauna bakin gado, ta ce, "Nan za a ɗauki gawata in Allah ya so." Aka yi dariya, don a lokacin ko furfura ɗaya ba ta da ita.

Da damina kuma kududdufin wani aikin yake yi mana. Duk ruwan da ya sauko daga indararon unguwa lungu yake bi ya gangara cikinsa, kafin a jima tsakar gida ta tsane. A nan muka koyi iyo, muna korar agwagin mutane, muna kama ƴan tarwaɗa da tsohon gidan sauro. Inna ta hana, ta yi duka har ta gaji. Malaminmu na makarantar allo ba ya tambayar wanda ya je wanka, jikinmu da ya yi furu-furu da jan idonmu kawai yake dubawa ya jawo bulala.

Ban san ranar da aka fara cewa ramin yana da mai shi ba. Na riga na girma, ina koyarwa a Aliero, Baba ya rasu, sai na zo hutu na tarar da tifa tana juye shara a ciki. Da aka ce wai wani dillali ne ya sayar da wurin, mutanen unguwarmu dariya suka yi, suna cewa wane mahaukaci ne zai sayi rami. Abin da kakanninmu suka haƙa da hannunsu, ba mu taɓa tunanin yana bukatar a tsare shi ba. Kawu Bawa ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dogara sandarsa ya je gun masu aikin ya ce, "Ramin ga shi ka shan ruwan unguwa. In kunka cike shi, ina ruwa za ya tahi?" Suka ce tsoho ya je ya huta.

Abin da aka cike ramin da shi har yau ban manta ba. Ruɓaɓɓiyar albasa buhu-buhu, leda, ƙazantar mahauta, mushen awaki, har da abin da ba ya faɗuwa. Ƙuda ya hana mu cin abinci a tsakar gida, wari ya bi mu har cikin masallaci. Daga baya aka shimfiɗa jar ƙasa a kai kamar an rufe kashin yaro da toka, aka yanka fulotai. Yau wurin nan shi ne mafi tsada a duk ɓangarenmu. Manyan gidaje ne na bulo, an ɗaga harsashinsu sama, katanga ta fi ta kurkuku tsawo, ga ƙofar ƙarfe, ga janareta na ruri. Mutane na wucewa suna nuna su da sha'awa. Ni da na ga abin da ke ƙarƙashin falonsu, ko ruwa aka miƙo mini a can ba na iya sha.

Ruwan sama kuwa bai san an yi ciniki ba. Ya zo ya tarar da katanga, ya juyo cikin gidajenmu na ƙasa. Kowace damina sai mun kwashe da bokiti, gindin ɗakin Inna yana ta zaizayewa. Wata ranar Laraba da la'asar, tana maƙwabta wajen barkar haihuwa, ɗakin ya rushe ya zauna gaba ɗaya. Ko kwana uku ba a yi ba, ɗaya daga cikin masu sababbin gidajen ya zo jaje da buhun shinkafa, dillali na bayansa yana auna filin da ido. Inna ta juya musu baya ta ce mini, "Hwaɗa mai ban mutu ba tukuna."

Na yi iya yina, Allah ya sani. Ginin ƙasa ba zai sake tsayawa a wurin ba, ƙasar ma babu inda za a haƙo ta, na bulo kuwa ya fi ƙarfin albashin malamin makaranta. Na nemi haya a Jega, abin da aka faɗa mini ya sa na fito ban yi sallama ba. A Aliero ni kaina a ɗaki biyu nake da iyalina, tun da jami'a ta zo masu gidaje suka gane ɗalibai sun fi mu tsoka. Ƙarshe muka sayar wa mai buhun shinkafar nan gidan, abin da ya ba mu kuma bai kai kuɗin rabin fuloti a Jega ba.

A da, mutumin da ba shi da ko sisi yana iya tada ɗaki da ƙarfin maƙwabta da tuwon dawa. Yanzu mai albashi ma kallon gida yake yi daga bakin titi. Inna tana Maiyama wajen ƙanwata Hassi, a gidan suruki, inda kunya ba ta barinta ta ɗaga murya ko ta nemi ƙarin abinci. Mijin Hassi mutumin kirki ne, ya ba ta ɗaki mai siminti da fanka, amma kayanta na nan a ƙulle a kusurwa, ta ƙi a kwance. Duk lokacin da na je gaishe ta sai ta rage murya ta tambaye ni ko filaye sun yi sauƙi a Jega. Ni kuma sai in ce mata ana nan ana dubawa.