Kambi Uku a Ƙarƙashin Layar Saje Mumuni

Shekara bakwai ke nan da muka kai Alhaji Salifu makwancinsa, amma har yau in na sauka daga bas a unguwar Tottenham ta nan Ingila sai idona ya kai kan ɗan shagon da yake yankan makulli. Yanzu wayoyi ake gyarawa a ciki. Ni Bakano ne, shi ɗan zangon Kumasi ne a Ghana. A masallacin Regent's Park muka haɗu wata Juma'a, muka shekara ashirin da ɗoriya muna musu. Yawancin musun ni na ci, ko a gabansa zan faɗa. Amma akwai guda ɗaya da ya kayar da ni warwas, kuma sai bana ya ƙarasa cin nasararsa, yana kabari.

Kakansa, Saje Mumuni, yana cikin sojan da Ingila ta kai Togo su yaƙi Jamus a yaƙin duniya na farko. Bai koma zango ba sai bayan yaƙi da shekaru, ya zo da ƙaramar bindiga ƙirar Jamus, ya ce daga hannun wani hafsan Jamus ya karɓe ta. Mutane suka ce ina! Wani ma ya rantse a bakin teku ya saye ta wajen 'yan kasuwa, bayan an daɗe da gama yaƙi. Maganar ta bi tsohon har kabari. Duk wanda ya shara ƙarya a unguwar sai a ce masa, "Sannu, Saje Mumuni." Abin ya kai danginsu suka daina sa wa 'ya'yansu sunan. Tun rasuwarsa ba a sake raɗa Mumuni a gidan ba, don babu uwar da za ta yarda a mai da ɗanta abin dariya. Salifu yana da tabo a gira, kuma ya gaya mini a kan wannan zolayar ya same shi.

Bindigar tana Kumasi, cikin adakar Goggo Azumi, ƙanwar mahaifinsa. Tsatsa ta daɗe da kashe ta. Saje ya sa baduku ya naɗe tsakiyarta da jar fata, aka ɗinke laya a ciki. Salifu ya sa aka ɗauko masa hotunanta, ya ja ni muka shiga jirgin ƙasa zuwa wata kasuwar tsofaffin makamai da ake ci a bayan gari. Wani dattijon Bature dillali ya duba hotunan, bai yi minti biyu ba ya miƙo su. Ya ce babu shekara a samanta, babu tambarin soja, babu lambar runduna, don haka ta kasuwa ce, irin waɗanda Jamus ta yi ta ƙerawa bayan yaƙi ana kaiwa ƙasashe. A jirgi muna komowa, bakina da ba ya shiru ya ce, "To Alhaji, sannu, Saje Mumuni." Allah Ya yafe mini. Na zaci zai yi dariya. Bai yi ba. Da muka zo rabuwa ya dube ni, da Hausarsa ta zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, "Malam Sani, Baturen nan hoto ya gani, bai ga bindiga ba. Bindigan nan bai yi ƙarya. Ni zan koyi karatun ƙarfe da kaina."

Wallahi kuwa ya koya. Ya fara tara tsofaffin ƙananan bindigogin Jamus, duk matattu, an toshe bakinsu, kowace da takardar hukuma mai shaida ba za ta sake tashi ba. Sai da ya tara tara. Matarsa Hajiya Fati ta yi faɗan har ta gaji. Mu ma a masallaci muka ce, baƙar fata, Musulmi, a Tottenham, ka cika flat, gidanka na bene, da bindigogi, ai wannan neman magana ne. Sai ya kwashi takardunsa ya kai kansa ofishin 'yan sanda, ya ce su duba tun kafin maƙwabta su kira su. Ranar Lahadi zai shimfiɗa tsohon zane a tebur, ya maƙala ɗan madubin masu gyaran agogo a ido, ya tsare ni da darasin da ban roƙa ba. A wurinsa na san cewa ta soja yawanci tana ɗauke da shekarar da aka ƙera ta, kuma kowane ƙaramin ƙarfe a jikinta an buga masa ƙarshen lambarta, in ka ga ɗaya ya saɓa to an yi mata sauyi. Ta kasuwa kuwa ba ta da shekara, sai ka karanta tambarin gwajin da aka buga mata kafin ta bar Jamus. Ni dai shayi ne yake kai ni.

Shekara shida yana wannan kafin ya gano abu biyu. Na farko, hafsoshin Jamus na wancan zamani da yawa da kuɗinsu suke sayen bindigarsu a shago. Ashe rashin tambarin soja bai ƙaryata kowa ba. Na biyu, 'yan shekaru kafin yaƙin aka sauya tambarin gwajin. Tsofaffin suna da ƙananan kambi uku, kowane da harafi a ƙarƙashinsa. Na baya kuwa kambi ɗaya ne tak. A irin bindigar Saje, a gefen hagu ake bugawa, daidai inda jar fatar nan ta rufe.

Nan fa aka yi ta. Goggo Azumi ta ce sai bayan ranta za a farke ɗinkin mahaifinta. Ni ma na ba shi shawara ya haƙura. Na ce yanzu dai ana musu ne, wasu sun yarda wasu ba su yarda ba, amma in aka buɗe aka ga kambi ɗaya, to jikansa ne da hannunsa ya tabbatar wa duniya Saje maƙaryaci ne. Na ga maganar ta shige shi, ya yi mako biyu bai taɓa madubinsa ba. Sai kawai ya bugo ya ce ya yi booking na jirgin sama. Ya tafi Kumasi ya zauna a gaban tsohuwar kwana takwas, har ta sauko da sharuɗɗanta. Ba za a buɗe layar ba, baduku ne zai farke ɗinkin ya mayar da shi ta ramukan da allurar farko ta bi, a gama kafin magariba, ita kuma tana zaune tana gani.

Ina bakin aiki wayata ta yi ƙara. Ban ji sallama ba, sai ihu. "Uku ne! Malam Sani, kambi uku ne!" Fatar ta kare wurin daga tsatsa, tambarin ya fito fes. Ya ɗora siririyar takarda a kai ya goga fensir, kambi uku suka fito a jere. Ya ce Goggo ta riƙe takardar tana kuka, ta aika a kira tsofaffin unguwa ɗaya bayan ɗaya su gani.

Sallar da ta biyo baya, babu wanda ya tsira a harabar Regent's Park. Likitoci, ɗalibai, direbobin bas, kowa sai da ya ga takardar nan. Ya koma wajen dillalin, dattijon ya duba ya ce ya yi kuskure, ya miƙa masa hannu, har daga baya ya riƙa turo masa mutane a duba musu shekarun bindigoginsu. Ni kuwa da taurin kaina na ce ai tambari bai je filin yaƙi ba, bai ga wanda ya karɓa daga hannun wa ba. Ya ce, "Gaskiya ne. Amma sun ce bayan yaƙi aka yi shi, ga shi ya girmi yaƙin. Su kawo wani ƙarya mu gani." Ba su kawo ba, ni ma ban kawo ba. Abin da ya rage masa a rai shi ne sunan. 'Ya'yansa uku duk mata ne, kuma bai ga jika namiji ba Allah Ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina me zai ce da yau. Yanzu mutum zai ɗauki hoton tsohuwar bindiga da waya, kafin ya ƙifta ido an gaya masa shekararta. Na san zai yi tsaki ya ce waya ma hoto take gani, kamar dillalin nan. Bindigoginsa tara kuwa, ana gama takaba Hajiya Fati ta rabu da su, ta ce ta samu wurin ajiye tukwane. Ban ga laifinta ba. Shi ma ba don su ya tara su ba.

Watan jiya babbar 'yarsa Rabi ta haihu. Ita ce wadda in ka yi mata Hausa take mayar maka da Turanci, har na ɗauka labarin kakanni bai dame ta ba. Ranar suna muka cika flat ɗinsu a Tottenham, dangin Kumasi suna kallo ta waya. Ina shiga na ga takardar fensir ɗin nan an sa ta cikin gilashi an rataye a bango. Liman ya yi addu'a, ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Mumuni. Guɗar da ta fito daga wayar nan, na tabbata maƙwabta har hawa na uku sun ji.

Rabi ta miƙo mini shi, ta ce, "Baba Sani, you first." Na karɓe shi. Maganar da na soki ubanta da ita a jirgin ƙasa ita ce ta zo mini, kuma a gaban kowa na faɗe ta. Na ce, "Sannu, Saje Mumuni." Babu wanda ya yi dariya. Wani tsoho ɗan Kumasi da ke kusa da ni ya ce, "Allah Ya raya shi, Ya sa ya gaji mai sunan." Ɗakin gaba ɗaya ya amsa da amin.