Ƙyastun Kaka

Ina da kwana biyar da haihuwa abin ya faru. Ƙarfe shida na safe Kaka ya shigo daga gadi kamar kullum. Malam Idi sunansa, mahaifin mahaifiyata, maigadi ne a wani kamfanin fata a Challawa. Tun da na haihu shi ke hura wutar ruwan wankan jegona, kuma ba ya taɓa ashana. Sai ya kwance 'yar jakar fata daga ƙugunsa, ya fito da ƙyastu da ɗan dutse da battar audugar rimi. Ƙyas, ƙyas, sai hayaƙi. Ni kuwa bakina ba ya shiru. Na ce, "Angona, mutane na kunna risho, kai kana dambe da dutse." Ya ce amaryar da ba ta iya ƙyasta wuta ba sakinta zai yi. Sau nawa ya ce in zo in koya, ina ce masa Allah ya kiyaye.

Mijina Sani yana aikin safe a Sharada. Gidanmu na haya ne a Panshekara, ɗaki takwas, rabi Hausawa, rabi baƙi ma'aikatan kamfani.

Ƙarfe sha ɗaya muka hango hayaƙi ta wajen Sharada. Sha biyu saura ihu ya iso bakin titinmu. Na ji ana fasa gilasai. Na ji ana dukan ƙofar gida da ƙarfe. "A fito da su!" Baƙin gidanmu ake nema. Sai warin fetur. Ba wanda ya tsaya tambayar ɗakin wa ne na wa.

Kaka ya ce, "Ɗauki yaron!" Ya durƙusa na taka bayansa na haye katangar baya, jaririn yana goye. Yana biyo ni wani ya kai masa sara da adda a kafaɗar dama. Ya faɗo ta ɓangarena. Ya naɗe wurin da rawaninsa, ya ce, "Kar ki waiwaya."

Muka yanki gonaki, muka nufi kogi. Ina tafe jini na bin ƙafata. Ƙarfe uku hadari ya haɗu, ruwan farko na shekarar ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Babu inda za mu fake. Yaron ya yi ta tsala kuka, ina roƙon Allah ya yi shiru kar a jiyo mu. Da ya yi shirun kuma sai na koma roƙon ya yi kuka.

Wajen huɗu da rabi muka sami wata bukkar masu lambu, ba kowa. Na sauke yaron. Jikinsa sanyi ƙalau, leɓɓansa sun yi duhu. Na ba shi nono, bai kama ba. Zanena jiƙe, zanen goyon jiƙe. Akwai ashana a ƙulle a bakin zanena. Na ƙyasta tsinke shida, kawunansu suka marmashe kamar jiƙaƙƙen ƙuli.

Kaka ya jingina da bango, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. Ya turo mini jakar da ƙafa.

Na zaro busasshiyar ciyawa daga cikin jinkar. Na buɗe battar. Auduga iri biyu ce a ciki, fara tas da wata baƙa kamar gawayi. Na ɗauka baƙar ragowar toka ce, na kakkaɓe ta ƙasa. Na ɗora farar a kan dutsen na dinga bugawa. Tartsatsi na tashi, yana faɗawa, yana mutuwa. Na fasa ɗan yatsana. Can ta hanyar Kumbotso ana harbi, ɗaya, biyu, sai shiru. Ina tsoron hayaƙi ya nuna inda muke, ina tsoron kuma ya ƙi tashi. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Idon Kaka a rufe yake, amma kunnensa na kaina. Ya ce, "Baƙar."

Ashe ita ce mai kama wuta. Farar abinci ce kawai da ake ba wutar bayan ta kama. Na rarrafa ina lalube a ƙasa mai laima. Yawancinta ta zama caɓi. A kan wani karan dawa na sami guntu ɗaya busasshe, bai fi farcen babban yatsa ba.

"Danne ta a bakin dutsen. Goga ƙyastun zuwa ƙasa, kar ki daka."

Na goga. Na sake. A na bakwai wani jan ɗigo ya zauna a kan baƙar, bai mutu ba. Na naɗe shi da farar, na sa cikin ciyawa, na hura a hankali. Hayaƙi ya shiga idona. Sai wuta.

Na shanya zanen goyo, na ɗumama tafin hannuna ina gasa ƙirjin yaron da tafin ƙafarsa. Na daɗe ina yi. Can ya yi atishawa, ya buɗe baki ya callara kuka. Ya kama nono. Kaka ya yi 'yar dariya, ya ce, "To, na fasa sakin."

Ana kiran magariba a wani ƙauye ƙetaren kogi na yi wa Kaka magana, bai amsa ba.

Masu lambun ne suka same mu da safe, su suka yi wa Kaka sutura. Sani ya gano inda muke a kwana na uku. An raɗa wa yaron suna Idrisu, ba rago, ba taro. Ɗakinmu ya ƙone ƙurmus. Biyu daga cikin maƙwabtanmu ba a sake ganinsu ba.

Jakar tana wurina har yau, da ƙyastun da dutsen da farar audugar. Baƙar ce ta ƙare, kuma ban taɓa tambayar Kaka yadda ake yin ta ba.